Zarto da Akwatin Yanka: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Yanka Kok na Sandar Fatsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan bidiyon kamun kifi a YouTube ko TikTok ya san yadda abin yake: da zarar an kalli ɗaya, sai wayar ta yi ta turo wasu. A cikinsu akwai na masu haɗa sandar fatsa da hannunsu, inda za a ga mariƙin sandar launin ƙasa-ƙasa, an yi masa ado da siraran zobba ko zanen dara. Mutane da yawa suna ɗauka katako ne. Ba katako ba ne, ɓawon wata bishiya ne da ake kira kok, kuma yanka shi yana da nasa ƙa'idoji.

Matashin da ke Tambuwal ko Kebbe zai iya yin odar zobban kok ta AliExpress, ya biya kuɗin kaya da na aike, ya jira makonni kafin su iso. Idan ya ɗauko zarton kafinta ya ɗora a kai, cikin minti biyu zai iya mayar da rabin kuɗinsa gari. Abin da ke hana wannan asara kayan aiki biyu ne masu araha: zarto mai siririn baki, da ɗan akwatin da ke riƙe zoben yana yi wa zarton jagora. A cikin biyun, akwatin ya fi muhimmanci, kuma shi ne wanda ba sai an saya ba.

Me zai kai ɗan yankin ga wannan aiki?

Su tsohuwar sana'a ce a kudancin Jihar Sakkwato. Gulbin Zamfara yana bi ta yankin Kebbe kafin ya wuce Jega, ga kuma tafkuna irin na Romo a ƙaramar hukumar Tambuwal. Sai dai masuntan da suka gaji sana'ar da kalli da birgi da mamari da gura suke aiki. Ko a bikin Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, homa da gora ake shiga ruwa da su. Fatsa kuwa an fi saninta a hannun yara da masu neman na miya: sanda, zare, ƙugiya, da ɗan guntun silifas da ke yawo a saman ruwa.

Abin da ya sauya shi ne shigowar sandunan zamani masu zugewa, waɗanda ake samu a kasuwannin intanet. Masu araha daga cikinsu mariƙinsu ba ya jimawa: ko soson ya yage, ko ya saki jikin sandar ya riƙa juyawa a hannu daidai lokacin da tarwaɗa ke ja. Sandar tana nan lafiya, mariƙin ne ya mutu. Wanda ya iya sake mariƙi ya ceci sandarsa, kuma zai iya karɓar na wasu ya gyara a biya shi.

Shi kansa kok ɗin

Bishiyar kok ba ta fitowa a Najeriya. Gidanta ƙasashen yammacin tekun Bahar Rum ne, wato Fotugal da Sifaniya da Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma Fotugal kaɗai ke samar da kusan rabin kok na duniya. Ba a sare bishiyar. Sai ta kai kimanin shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan kuma duk bayan shekara 9. Wannan jira na cikin dalilan tsadarsa.

A ciki, kok tarin ƙananan ɗakuna ne cike da iska, kusan miliyan 40 a cikin ɗan guntun da kowane gefensa santimita ɗaya ne. A jikinsa ne ma masanin Ingila Robert Hooke ya fara ganin irin waɗannan ɗakuna da madubin ƙara girma, ya bayyana su a littafinsa na 1665, kuma daga nan ilimin halittu ya samo sunan ƙwayar halitta da ake koyarwa a makaranta. Iskar nan ce ta sa ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa sosai, kuma ba ya santsi ko hannu ya jiƙe da yauƙin kifi.

Ita ce kuma matsalar mai yanka. Wanda ya taɓa ƙoƙarin yanka totuwar kara da wuƙa marar kaifi ya san yanayin: tana lotsawa kafin ta yanku, sannan ta yage. Haka kok yake yi. Ƙari a kan haka, yana da ƙananan ramuka na halitta, kuma duk haƙorin zarton da ya faɗa ɗaya daga cikinsu zai ɓantaro gefensa.

Zoben da ake sayarwa don mariƙi yawanci girmansa ɗaya ne: faɗi inci ɗaya da kwata, kusan milimita 32, kauri rabin inci, wato milimita 12.7; rami a tsakiya kwatan inci, milimita 6 da ɗan ɗoriya. Mariƙi mai tsawon inci 7 yana cin zobe 14. Wanda zai jera su kawai ya manna ba ya buƙatar zarto sosai. Zarto yana shigowa ne idan ana son siraran zobba na ado, ko zanen dara, ko rage tsawo.

Lambobi uku da ake dubawa a jikin zarto

Na farko yawan haƙora. Masu sayarwa suna rubuta lamba da haruffan TPI, ma'ana haƙora nawa ne a cikin inci ɗaya. Zarton kafinta na katako yana da 7 zuwa 10. Ruwan zarton ƙarfe, wanda ake samu a kowane shagon kayan gini, yana zuwa da 18 ko 24 ko 32. Ƙananan zartuna na masu aikin hannu, irin na kamfanin Zona na Amurka, suna kaiwa 42 har 52. Ga kok, ƙasa da 24 ɓarna ce. Idan lambar ta goge ko ana shakkar abin da mai shago ya faɗa, a ɗora rula kusa da bakin zarton, a ɗauki hoto da waya, a zuƙo shi, a ƙirga haƙoran da ke cikin milimita 25.

Na biyu faɗin hanyar da zarton ke ci, kuma a nan kuɗi ke zuba. A ɗauki zobe ɗaya mai kaurin milimita 12.7 da ake son fitar da sirara masu kusan milimita 3 daga cikinsa. Zarton da ke cin milimita 0.3 zai yi yanka uku, ya cinye ƙasa da milimita ɗaya gaba ɗaya, a samu sirara huɗu. Zarton da ke cin milimita 2 zai cinye milimita 4 a yanka biyu kacal, a tashi da uku, su ma fuskarsu duk ƙaiƙayi, sai an goge, a sake rasa wani abu. A kowane zobe huɗu, an zubar da ɗaya a ƙasa ke nan.

Na uku shi ne wanda masu oda suka fi mantawa: zurfin yanka. Siririn zarto yana da ƙarfen da aka naɗe a bayansa don kada ya lanƙwashe, kuma wannan ƙarfe ba zai shiga cikin yankan ba. Da yawa daga cikin ƙananan zartunan zurfinsu milimita 20 ne zuwa 30, alhali faɗin zoben 32 ne, ga kuma bangon akwatin da zai ci nasa. Saboda haka a duba wannan lamba kafin a biya. Idan an riga an sayi gajere, ba asara ba ce: a yanka zuwa rabi, a juya zoben a cikin akwatin, a ci gaba.

Wane za a ɗauka?

Mafi dacewa shi ne zarton Japan mai suna dozuki, ko ɗan zarton Zona da makamantansa. Dozuki yana yanka ne idan an jawo shi, ba idan an tura ba. Ja yana miƙar da ruwan zarto, turi yana tanƙwara shi, shi ya sa aka iya yin ruwansa siriri har kusan milimita 0.3. Ga abu mai lotsawa kamar kok, wannan bambanci babba ne.

Wanda ba zai iya jiran oda ba, ruwan zarton ƙarfe mai haƙora 32 zai yi masa aiki. A sayi sabo, kada a ɗauko wanda aka riga aka yanka rodi da shi. A ɗaura shi a juye, haƙoran suna kallon mai riƙewa, don ya riƙa ci a ja. Hanyarsa ta kusan milimita ɗaya ce, ta fi ta dozuki faɗi, amma ta fi ta zarton katako nesa ba kusa ba. Ga mai farawa a Tambuwal ko Kebbe, wannan shi ne zaɓin hankali, domin ko ya lalace ba a yi asarar kirki ba.

Siririn zarton maƙeran zinariya, mai kama da zare, yana jan hankali saboda kusan ba ya cin komai. Amma ba shi da faɗin da zai tsayar da shi a layi ɗaya, sai ya yi ta karkata a cikin kok ɗin, a fito da zobe gefe ɗaya kauri gefe ɗaya siriri. Reza da wuƙar yankan kwali suna yi wa zobe sirara sosai aiki idan sababbi ne dal, amma suna dakushewa da wuri.

Sai injina. Bidiyo da yawa na nuna ɗan injin hannu irin Dremel, kuma masu son na'urori suna saurin kwaɗayinsa. Faifansa ƙarami ne, ba zai ratsa milimita 32 a tafiya ɗaya ba, gudunsa kuma yana ƙona kok ya narkar da roba. Babban injin gurza ƙarfe na masu walda kuwa kada ma a fara. Zoben da bai fi murfin gora ba, yatsu na riƙe da shi kusa da faifan da ke juyi dubbai a minti ɗaya: wannan hanyar asibiti ce.

Akwatin yanka

Hannun mutum ba ya iya riƙe zarto a miƙe sau ashirin a jere ba tare da kuskure ba. Karkata kaɗan a zobe ɗaya ba za ta ganu ba, amma idan aka jera goma aka matse, sai gam ya cika giɓin, a ga baƙaƙen layuka a jikin mariƙin, daga baya ruwa ya samu hanyar shiga. Aikin akwatin shi ne ya cire wannan nauyi daga hannu. Turawa suna kiransa jig, kuma wanda ya rubuta cork cutting jig a wurin bincike zai ga irin na kamfani da aka yi da alminiyam ko roba. Kafintan gari zai iya yin irinsa da guntun katakon da ya rage a shagonsa.

Mafi sauƙi shi ne na fitar da sirara. A samu katako mai tauri, irin maɗaci, mai fuska a shafe. A huda rami mai faɗin zoben, zurfinsa daidai kaurin da ake so, misali milimita 3, ƙasansa a baje. A zaunar da zoben a ciki, a kwantar da zarton a kan fuskar katakon, a yanke abin da ya fito sama. Abin da ya rage a ramin shi ne siririn zoben. A tsakiyar ramin a yi wata ƙaramar huda da ta fita ta baya, don a riƙa turo zoben da ƙusa ba tare da an ƙwaƙule gefensa ba. A katako ɗaya ana iya yin ramuka uku masu zurfi daban-daban. Wannan akwati ya fi son zarto marar ƙarfe a baya, ko ruwan zarton ƙarfe tsirara da aka naɗe ƙarshensa da tsumma.

A nan akwai wani tarko. Bakin injin huji mai faɗi da kafintoci suka fi ajiyewa shi ne na milimita 35, wanda ake huda mazaunin hinjin kabad da shi. Ya fi zoben da milimita 3, kuma zoben da ke rawa a ramin ba zai yanku daidai ba. Ko dai a nemi baki na 32, ko a naɗa wa zoben salatif na takarda har sai ya shiga da ɗan matsi. Ya fi kyau a tafi wurin kafinta da zoben a aljihu a gwada, maimakon a faɗa masa lamba da baki.

Na biyu shi ne na zanen dara. Shi ma rami ne, amma mai zurfin da zai haɗiye zoben duka, sannan a tsaga hanyoyin zarto da suka ratsa ta tsakiyar ramin kamar yadda ake yanka kankana. Tsaga huɗu suna ba da yanki takwas, tsaga shida suna ba da goma sha biyu. A yanka zobe mai haske da mai duhu, a jera yankunan ɗaya bayan ɗaya, a manna, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Idan ya bushe sai a kai shi akwati na farko a fitar da sirara, a jera su ana ɗan juya kowanne da yanki ɗaya. Zanen dara ya fito ke nan.

Wurin zana layukan, manhajojin auna kusurwa na waya ba su kai a dogara da su ba a kan abu ƙarami haka. Kamfas ɗin da ke cikin akwatin lissafi na 'yan sakandare ya fi su: a zana da'ira, a bar buɗin kamfas ɗin yadda yake, a taka shi a gefen da'irar, zai raba ta shida daidai. A raba kowanne biyu, an samu goma sha biyu. Abu na ƙarshe, kuma kada a yi wasa da shi: a tsaga hanyoyin da zarton da za a riƙa aiki da shi. Idan kafinta ya tsaga da nasa mai kauri, siririn zarto zai yi ta yawo a ciki, akwatin ya zama ado.

Masu damar zuwa inda ake da injin buga abubuwa na 3D za su tarar da zanen irin waɗannan akwatuna a shafuka kamar Thingiverse. Suna fitowa daidai, amma robar PLA da aka fi bugawa da ita tana fara laushi a kusan digiri 60. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 a inuwa, abin da aka bari a rana ko cikin mota a rufe zai iya kaiwa nan ya karkace. Katako ma yana da nasa hali: yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, don haka a riƙa gwada zoben a ramin kafin a fara aiki.

Yadda ake yankan

Kada a danna. Nauyin zarton ya isa. A ja a hankali da dogon zango, a tsaya lokaci-lokaci a share garin da ya cika tsakanin haƙora da tsohon buroshin goge baki. Idan zarton ya fara kamawa, ba ƙarfi yake nema ba, haƙoransa ne suka toshe. Dab da ƙarshe a ƙara sassautawa, domin a nan gefe ke ɓantarewa. Bayan yanka, a shimfiɗa sanfefa mai lamba 220 a kan gilashi ko tayil, a goga fuskar zoben sau biyu ko uku kawai. Ɗan ma'aunin kauri na dijital, mai amfani da batiri irin na agogo, yana nuna ko kowane gefe kaurinsa ɗaya ne.

Kafin a taɓa kok ɗin da aka biya da tsada, a yi gwaji da abin da ke kusa. Yawancin silifas da soson EVA ake yin su, kuma shi ne sinadarin da ake yin baƙin mariƙin sanduna da yawa na kanti. Tsohon silifas da aka wanke, aka fitar da zobba daga jikinsa da guntun bututun ƙarfe da aka wasa bakinsa, zai koya wa hannu aikin, kuma sirarinsa masu launi suna kyau a tsakanin zobban kok. Akwai kuma fallen kok haɗe da roba da makanikai ke yanka gaskit da shi, ana samunsa a wurin masu sayar da kayan gyaran mota a Sakkwato. Siriri ne tun asali, launinsa ya fi duhu, kuma yana da juriya, shi ya sa ya dace da bakin mariƙi da gindinsa, inda ake yawan bugawa da ƙasa.

Mannawa da siffantawa

Matsewar zobban ba ta buƙatar na'urar kamfani. Dogon ƙarfe mai zare na milimita 6, da washa biyu masu faɗi, da noti biyu sun wadatar. A goga wa ƙarfen kyandir sosai kafin a zura zobban, in ba haka ba gam zai riƙe shi ya ƙi fita. A shafa gam kaɗan-kaɗan, a ɗaure notin har sai ya ɗan tsattsafo, a tsaya nan. Matsi fiye da kima yana kore gam ɗin duka ya kuma lotsa kok.

Gam mai haɗi biyu, irin Araldite, shi aka fi amfani da shi, amma a kula da wanda aka saya. Mai kamawa cikin minti huɗu ko biyar, wanda ya cika shaguna, ba zai jira a jera zobe 14 ba, balle a zafin bazara da ke ƙara masa sauri. A nemi mai jinkirin kamawa, a yi aikin da sassafe, a bar shi ya kwana. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kuwa yana bushewa da tauri kamar gilashi, wurin gogewa sai kok ya cinye ya bar layin gam a tsaye yana sukar hannu.

Washegari a ɗaura ƙarfen a bakin injin huji mai caji, wani ya riƙe injin ko a ɗaure shi a benci, ɗaya ƙarshen kuma a zura shi a ramin wani katako don kada ya yi lilo. Ana juyawa ana goga sanfefa: lamba 80 don fitar da siffa, sai 120, sai 220, a ƙare da 320. Garin kok yana tashi sosai, don haka a sa takunkumi a kuma yi aikin a waje.

Saura ramin tsakiya. Jikin sandar fatsa ba kauri ɗaya ba ne, gindinta ya fi samanta, saboda haka dole a faɗaɗa ramin ya bi wannan siffa. Ana yi da magagari mai zagaye irin wutsiyar ɓera, ana shiga ta ɓangaren gindi, ana juya mariƙin a hannu don kada ramin ya karkata gefe ɗaya. A riƙa gwadawa a jikin sandar bayan kowane ɗan gurzawa. Idan mariƙin ya zo ya tsaya da kansa saura kamar faɗin yatsa ɗaya ya kai mazauninsa, a ajiye magagarin. Santsin gam ne zai ƙarasa da shi wurin.